Sankarar Hanji ta Gado: Wane Iyali Ake Yi wa Gwaji, Kuma da Wa Ake Farawa?

Waɗannan su ne tambayoyin da marasa lafiya da danginsu suka fi maimaitawa bayan likita ya tabbatar da sankarar babban hanji ko ta dubura, musamman idan mai ciwon yana da ƙuruciya, ko kuma ba shi ne na farko a gidansu ba.

1. Shin da gaske ana gadon sankarar hanji?

Mafi yawanta ba ta gado ba ce. Tana zuwa ne da tsufa, bayan kurakurai sun taru a ƙwayoyin bangon hanji shekara da shekaru. Amma a cikin masu ciwon 100, kimanin 5 zuwa 10 an haife su ne da lahani a wata ƙwayar gado guda, wanda suka karɓo daga uwa ko uba kuma za su iya miƙa wa 'ya'yansu. Akwai kuma rukuni na tsakiya, kusan kashi 20 zuwa 30 cikin 100, waɗanda ciwon ya taɓa wani a danginsu amma ba a iya nuna ƙwaya ɗaya a ce ga mai laifi.

Abin da ake gada shi ne sauƙin kamuwa, ba ciwon kansa ba. Mutum zai iya ɗauke da lahanin ya tsufa lafiya lau, ɗansa kuma ya kamu yana ɗan shekara 35.

2. Waɗanne iri ne aka fi sani?

Na gaba-gaba shi ne ciwon Lynch, mai sunan likitan Amurka Henry Lynch da ya bayyana wasu iyalai biyu a 1966, kodayake Aldred Warthin na jami'ar Michigan ya riga shi rubuta tarihin wani iyali irin wannan tun 1913. Shi ke haddasa kusan kashi 3 cikin 100 na sankarar hanji. Lahanin yana ɗaya daga cikin ƙwayoyin gado huɗu masu gyara kuskure idan jiki na kwafar bayanan gadonsa: MLH1, MSH2, MSH6 da PMS2. Akwai ta biyar, EPCAM, wadda idan wani yankinta ya ɓace sai ta kashe aikin maƙwabciyarta MSH2. Wahalar Lynch ita ce hanjin mai shi ba ya nuna wata alama ta daban. Tsiron da ke fitowa a bangon hanjin kaɗan ne, sai dai yana rikiɗa zuwa sankara cikin shekara 1 zuwa 3, alhali a sauran mutane yakan ɗauki shekara 10. Kuma bai tsaya a hanji ba: yana kama mahaifa, ƙwan mace, tumbi, ƙaramin hanji da hanyar fitsari.

Na biyu shi ne FAP, ciwon yawan tsiro a hanji, daga lahanin ƙwayar APC. Wannan ba ya ɓuya. Tun mutum yana ɗan shekara goma sha wani abu tsiro ke fara fitowa, har ya kai ɗaruruwa ko dubbai, kuma idan ba a cire hanjin ba kusan babu makawa sai ya zama sankara, galibi wajen shekara 40. Yana da wani nau'i mai sauƙi wanda tsironsa bai kai 100 ba. Sai ciwon MUTYH, wanda aka gano a 2002, mai kama da FAP mai sauƙi amma hanyar gadonsa daban (duba tambaya ta 12). Sai Peutz-Jeghers, daga ƙwayar STK11, mai zuwa da ɗige-ɗigen baƙi a leɓe da cikin baki, da shigewar wani sashen hanji cikin wani tun ana yara.

3. Me ke sa likita ya fara zargin gado?

Shekaru tukuna. Duk wanda ya kamu bai kai 50 ba, a yi zargi, ko da babu kowa a danginsa da ya taɓa yi. Bayan haka, mutum ɗaya da sankara biyu, ko a hanji wuri biyu, ko hanji da mahaifa, ko da shekaru ne tsakaninsu. Sai dangin jini biyu ko fiye masu irin sankarorin da aka lissafa a tambaya ta 2, a ɓangare ɗaya na iyali. Sai yawan tsiro: idan jimillar waɗanda aka cire wa mutum ta kai 10 ana duba yiwuwar gwaji, idan ta kai 20 babu ja.

Mace mai sankarar mahaifa kafin shekara 50 ana yawan mantawa da ita, domin fayil ɗinta yana wajen likitan mata, na ɗan'uwanta kuma yana wajen likitan tiyata, ba wanda ya haɗa su. A mata da yawa masu Lynch, mahaifa ce ke fara nuna ciwon kafin hanji.

4. Mene ne ƙa'idojin Amsterdam da Bethesda da ake rubutawa a takardun asibiti?

Ma'auni ne na tace iyalai, daga zamanin da gwajin ke da tsada ƙwarai. Na Amsterdam ya fito a 1991, aka faɗaɗa shi a 1999, kuma ana haddace shi da 3-2-1: mutum uku a dangi masu sankarar da ke da alaƙa da Lynch, ɗayansu uwa, uba, ɗa, 'ya ko ɗan'uwan jini ne ga sauran biyun, ciwon ya ratsa tsatso biyu a jere, kamar uba da ɗa, ɗaya aƙalla ya kamu kafin shekara 50. Ana kuma so a tabbatar ba FAP ba ne, kuma a ga rahoton ɗakin gwaji, ba labarin baka kawai ba.

Na Bethesda, na 1997 da aka sabunta a 2004, ya fi sassauci, kuma tambayarsa daban ce: ba "wane iyali ne ke da Lynch" ba, sai dai "wace tsoka ce, wato naman sankarar da aka cire, ta cancanci a gwada ta". Ya ƙunshi wanda bai kai 50 ba, mai sankara biyu, wanda bai kai 60 ba amma tsokarsa ta nuna wasu siffofi a madubin likita, da mai dangi na kusa da suka kamu. Akwai kuma lissafin kwamfuta irin PREMM5, wanda ake zuba wa tarihin iyali ya ba da kaso. Daga kashi 2.5 cikin 100 zuwa sama ana shawartar gwaji.

5. To in akwai waɗannan ƙa'idoji, me ya sa ake cewa ganewar na da wuya?

Saboda suna zubar da mutane da yawa. A wani bincike da aka yi a jihar Ohio ta Amurka, aka wallafa a 2005, an gwada marasa lafiya 1,066 ba tare da tacewa ba, aka sami 23 masu Lynch. Goma daga cikinsu sun haura shekara 50, biyar kuma ba su cika ko ɗaya daga cikin ma'aunan biyu ba. Lahanin MSH6 da PMS2 musamman yakan bayyana a makare kuma ya tsallake mutane da yawa, sai iyali su yi kama da masu lafiya. A FAP kuma, kusan ɗaya cikin huɗu shi ne na farko a zuriyarsu, lahanin a kansa ya fara.

A ƙasar Hausa akwai ƙarin cikas. Jini a bayan gida kusan kullum basir ake ce masa, ko atini, a yi ta shan jiƙo da sassaƙe watanni kafin a je asibiti, wasu ma har su rasu ba a taɓa leƙa hanjinsu ba. Ana yin jana'iza a ranar, ba a binciken gawa, abin da ya rage a bakin dangi shi ne "ciwon ciki ne ajalinsa" ko "ta yi ta zubar da jini". Wanda haɗarin mota ko haihuwa ta ɗauke yana ɗan shekara 30 bai rayu ya nuna abin da yake ɗauke da shi ba. Ma'aunin da ke neman rahoton ɗakin gwaji na mutum uku, a irin wannan yanayi iyalai ƙalilan ne za su cika shi. Don haka rashin tarihi a dangi bai wanke kowa ba, kuma shi ya sa aka koma ga gwada tsokar kanta (tambaya ta 7).

6. Yaya ake tattara tarihin iyali yadda zai yi amfani?

A zauna da takarda, a raba ta biyu: dangin uwa, dangin uba. Ba a haɗa lissafinsu, domin kawu mai sankarar hanji da goggo mai sankarar mahaifa ba layi ɗaya suke ba, sai fa in iyayen auren zumunci suka yi, wanda shi ma dole a rubuta. A bi tsatso uku: kakanni, iyaye da 'yan'uwansu, sannan mai ciwon da 'yan'uwansa da 'ya'yansa. Kowane mutum a rubuta yana raye ko ya rasu, yana da shekara nawa, wace gaɓa ciwon ya kama, yana da shekara nawa aka gano, an yi masa tiyata ko a'a, kuma a wane gari.

A gidan da ke da mata fiye da ɗaya sai a bambance 'yan ɗaki ɗaya da 'yan uba. Wannan yana da amfani sosai: idan ciwon ya fito a ɗakuna biyu, alama ce mai ƙarfi cewa ta wajen uba ya biyo. Ɗan riƙo, agola da ɗan'uwan shayarwa ba sa shiga lissafin, amma ɗan gidan da aka ba wa wata gwaggo riƙo a wani gari yana ciki, kuma shi ne aka fi mantawa. Tsofaffin mata sun fi kowa sanin waɗannan abubuwa. Tambayar "ya yi sankara?" ba ta cika fitar da komai ba; a tambaya ko ya rame, ko cikinsa ya kumbura, ko an fitar masa da hanji ta gefen ciki yana bayan gida a leda.

7. Wane gwaji ake yi wa tsokar da aka cire?

Iri biyu ne, kuma ɗaya ya isa a fara da shi. Na farko, IHC, rini ne na musamman da ake shafa wa siraran yankan tsokar don a ga ko sinadaran gyara huɗun nan suna nan. Suna aiki bibbiyu: MLH1 da PMS2, sai MSH2 da MSH6. Idan MLH1 ta lalace, ita da PMS2 duk za su ɓace; idan MSH2 ce, ita da MSH6 za su ɓace; amma PMS2 ko MSH6 kowacce na iya ɓacewa ita kaɗai. Wannan tsari shi ke nuna wa likita ƙwayar da zai nema a jini. Na biyu, MSI, yana duba illar rashin gyaran ne kai tsaye, wato yadda wasu gajerun jeri masu maimaituwa a bayanan gado suka tsawaita ko suka gajarce.

Tun 2017 hukumar NICE ta Ingila, mai tsara ƙa'idojin kula da lafiya, ta ce a yi wa duk sankarar hanji wannan gwaji ba tare da duba shekaru ko tarihi ba, a 2020 kuma ta ƙara da ta mahaifa. Amfaninsa bai tsaya kan gado ba, domin sankarar da ta nuna rashin gyara tana jin magungunan zaburar da garkuwar jiki kamar pembrolizumab. Binciken haɗin gwiwa tsakanin asibitin koyarwa na Ile-Ife da cibiyar Memorial Sloan Kettering ta New York, wanda ya fito a 2021, ya sami wannan siffa a fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na marasa lafiyar Nijeriya da aka gwada, sama da abin da aka saba gani a Amurka. Wannan kaɗai ya isa dalilin neman gwajin a nan.

8. An ce tsokar ta rasa MLH1. Ke nan muna da Lynch?

Ba lallai ba, kuma a nan ake yawan tayar wa iyali hankali a banza. Kusan kashi 15 cikin 100 na sankarar hanji suna nuna rashin gyara, amma kashi 3 ne kawai na gado. Sauran, musamman a tsofaffi, ƙwayar MLH1 ce aka toshe a cikin tsokar kaɗai, abin da ba ya wucewa ga 'ya'ya. Ana rarrabewa da ƙarin gwaji biyu a kan tsokar: neman canjin V600E a wata ƙwaya mai suna BRAF, da duba toshewar mafarin MLH1. Idan aka sami ɗayansu, kusan tabbas ba gado ba ne. Idan ba a samu ba, sai a wuce ga gwajin jini. A sankarar mahaifa gwajin BRAF ba ya aiki, na toshewar kawai ake yi.

Rashin MSH2, MSH6, ko PMS2 ita kaɗai, kai tsaye ake tafiya gwajin jini. Ko a nan ma wani lokaci jinin yakan fito babu komai, sai bincike ya nuna kwafi biyun ƙwayar duk a cikin tsokar suka lalace.

9. Me ke ɓata sakamakon gwajin tsoka?

Yawanci yadda aka adana ta. Tsoka tana bukatar shiga ruwan fomalin mai ƙarfin kashi 10 nan take bayan cirewa, ruwan ya ninka girmanta kamar sau goma, a kuma tsaga hanjin domin ruwan ya ratsa ciki. Wadda aka saka a ruwan gishiri ko sifirit, ko aka ba dangi a roba suka yi kwanaki da ita a hanya, ko ta yi makonni a fomalin, rinin ba zai kama ta daidai ba, sai a ɗauka sinadarin ya ɓace alhali yana nan. Ƙwararren mai duba tsoka yakan fara duba lafiyayyun ƙwayoyin da ke kewaye. In su ma ba su kama rini ba, sakamakon ba abin dogaro ba ne.

Sankarar dubura da aka riga aka gasa ko aka yi wa kimo kafin tiyata tana iya nuna raguwar MSH6 ta ƙarya, don haka ɗan guntun da aka tsinko tun farko lokacin duba hanji ya fi. Iyali su karɓi kwafin rahoton, su rubuta lambarsa, su tambayi inda aka ajiye dunƙulen kakin da tsokar ke ciki. Wannan dunƙule yana shekaru bai lalace ba, kuma ana iya aika shi wani ɗakin gwaji ko bayan mai shi ya rasu.

10. Wa za a fara ɗibar wa jini?

Wanda ya riga ya kamu, kuma in suna da yawa, wanda ya fi ƙuruciya lokacin kamuwa ko mai sankara biyu. Iyalai kan so a fara da lafiyayyen ɗa, tunda shi ake jin tsoro a kansa, amma wannan kuskure ne. Idan sakamakonsa ya fito babu komai, ba a san ko ya tsira ne ko kuma lahanin gidansu ba ya cikin abin da gwajin ke iya gani ba. Idan kuwa aka fara gano takamaiman lahanin a jikin mai ciwon, sai a nemi wannan wuri ɗaya tak a jinin sauran, gwaji mai arha kuma mai amsar e ko a'a.

Ana ɗibar jini kaɗan a kwalba mai murfin shunayya, ko yawu a kwalba ta musamman. A yau ba ƙwaya ɗaya ake karantawa ba, jeri ne na ƙwayoyi da dama a lokaci guda. A tabbatar ɗakin gwajin yana duba ɓacewar manyan yankuna, ba canjin harafi ɗaya kawai ba, domin lahanin EPCAM da wani kaso na MSH2 irin wannan ne. PMS2 kuma tana da wata tagwaye marar aiki mai kama da ita sosai, wadda ke rikita ɗakunan gwajin da ba su ƙware ba. Wanda aka yi wa dashen ɓargo ko ƙarin jini kwanan nan ya faɗa kafin a ɗiba.

11. Sakamako ya ce VUS. Me ake nufi?

An ga wani canji, amma ba a san ko mai cutarwa ne ko bambancin halitta ne kawai ba. Ba a yanke wa kowa hanji ko mahaifa saboda shi, ba a kuma gwada dangi da shi don a ce wannan ya tsira, wancan bai tsira ba. Ana ci gaba da kula da iyalin bisa tarihinsu, a riƙa komawa ɗakin gwajin duk bayan shekara biyu ko uku a ji ko an sake masa matsayi. Mafi yawansu daga baya marasa illa suke zama.

'Yan Afirka sun fi samun irin wannan amsa, saboda rumbunan bayanan da ake kwatantawa da su yawancinsu na Turawa ne. Canjin da watakila ya zama ruwan dare a Katsina ko Maraɗi, idan ba a taɓa rubuta shi ba, baƙo zai zama a idon na'ura.

12. Auren zumunci yana ƙara haɗarin?

A Lynch da FAP kwafi ɗaya mai lahani ya isa, kuma kowane ɗa, namiji ko mace, yana da rabi da rabi na gadonsa, ko iyayen dangi ne ko bare. Ciwon MUTYH kuwa tafiyarsa irin ta sikila ce: sai an gado daga uwa da uba duka, iyayen lafiyarsu ƙalau, kowane ciki kuma yana da ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa yake bayyana a tsakanin 'yan ɗaki ɗaya ba tare da ya taɓa iyaye ko kakanni ba, kuma auren 'yan wa da ƙani yana ƙara yiwuwar haɗuwar kwafi biyun.

Akwai wani yanayi mai tsanani, kodayake ba kasafai ba: mata da miji duka suna ɗauke da lahanin Lynch a ƙwaya ɗaya. Yaron da ya gaji biyun yakan kamu da sankarar ƙwaƙwalwa, ta jini ko ta hanji tun yana ƙarami, sau da yawa da tabo masu launin ƙasa-ƙasa a fata. Gidan da aka tabbatar da Lynch kuma ana shirin haɗa 'ya'ya aure, ya kamata duka biyun su yi gwaji tukuna.

13. Mun cika ƙa'idar Amsterdam amma gwaje-gwaje duk ba su nuna komai ba. Shi ke nan?

A'a. Kusan kashi 40 cikin 100 na irin waɗannan iyalai tsokarsu ba ta nuna rashin gyara ba, ana kiran su rukunin X. Haɗarin sankarar hanji a wurinsu ya fi na sauran jama'a, amma bai kai na Lynch ba, yakan zo a makare, kuma bai shafi mahaifa ba. Ana duba hanjinsu duk shekara 3 zuwa 5, a fara shekara 5 zuwa 10 kafin shekarun wanda ya fi ƙuruciya da ya kamu.

14. In an tabbatar mutum na ɗauke da lahanin, me za a yi masa? Yara fa?

A Lynch, duba hanji da kyamara, wato kolonoskofi, duk shekara 1 zuwa 2: daga shekara 20 zuwa 25 ga masu MLH1 da MSH2, daga 30 zuwa 35 ga masu MSH6 da PMS2. Binciken Finland da ya fito a 2000 ya nuna dubawa a kai a kai ta rage kamuwa da mutuwa da fiye da rabi. Sharaɗin shi ne hanjin ya wanku tas kuma kyamarar ta kai ƙarshensa, domin tsiron Lynch shimfiɗaɗɗe ne kuma ya fi son ɓangaren dama, can nesa. Gwajin jini a bayan gida ba ya maye gurbin wannan. Ana neman ƙwayar cutar H. pylori a tumbi a kashe ta. Mace ta kai rahoton duk jinin da ya saɓa wa al'adarta, kuma bayan ta gama haihuwa a tattauna cire mahaifa da ƙwai. Wani bincike mai suna CAPP2 ya nuna asfirin na rage kamuwa, amma likita ne zai tsayar da adadin, musamman ga mai gyambon ciki.

Tunda babu abin da ake yi wa mai Lynch kafin shekara 20, ana barin yara su kai 18 su yanke wa kansu. FAP daban ne: ana gwada yaro wajen shekara 10 zuwa 12, a fara duba hanjinsa a lokacin, a cire hanjin idan tsiron ya fi ƙarfin tsinkewa, galibi tsakanin ƙarshen shekarun goma sha da farkon ashirin. Ana kuma duba tumbi da farkon ƙaramin hanji, inda tsiro ke fitowa ko bayan an cire babban.

15. Ba mu da halin gwajin jini. Akwai abin da za mu iya yi?

Akwai. A fara da IHC, wanda ya fi gwajin jini arha nesa ba kusa ba. A tambayi sashen duba tsoka na asibitin koyarwa mafi kusa ko suna yi, ko ina suke aikawa. Idan ya nuna rashin MSH2 ko MSH6, ko rashin MLH1 a mai ƙananan shekaru, sai a ɗauki iyaye, 'yan'uwa da 'ya'yan mai ciwon a matsayin masu Lynch, a bi jadawalin tambaya ta 14 har ranar da gwajin jini zai samu. Idan kuɗin na mutum ɗaya ne, a kashe shi kan mai ciwon (tambaya ta 10), kuma kada a jinkirta idan jikinsa ya yi tsanani.

Idan babu ko IHC, dangi na kusa su fara kolonoskofi a shekara 40, ko shekara 10 kafin shekarun da ɗan'uwansu ya kamu, duk wanda ya riga zuwa, su maimaita duk shekara 5. A gidan da aka ga ɗaruruwan tsiro, kyamara kaɗai ta isa ta nuna wanda ya gada.

16. Dole ne a faɗa wa dangi? Muna tsoron a ƙi auren 'ya'yanmu.

Sakamakon sirrin mai shi ne, likita ba zai yaɗa shi ba. Amma a Lynch da FAP kowane ɗa ko ɗan ɗaki ɗaya yana da rabi da rabi, kuma ba zai nemi dubawa ba in bai sani ba. Ba sai an tara taron dangi ba. Hanyar da ta fi aiki ita ce likita ya rubuta gajeriyar wasiƙa mai ɗauke da sunan ƙwayar da lambar canjin daidai yadda ɗakin gwaji ya rubuta, ba tare da sunan mai ciwon ba, a miƙa wa manyan da abin ya shafa ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda aure ko fatauci ya kai wani gari. A fara da 'yan ɗaki ɗaya da 'ya'yan da suka balaga. In an gano ɓangaren da lahanin ya biyo, sai a wuce ga baffanni da gwaggonni, ko kawunnai da innoni, na wannan ɓangaren kawai. Wanda gwaji ya nuna bai gada ba, 'ya'yansa ba sa bukatar gwaji, shi kuma zai koma jadawalin kowa da kowa, ya fara duba hanji a shekara 45 zuwa 50.